Wa Ya Manta da Gaske? Yadda Ake Gwada Wanda Ya Bugu a Ka

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a gaban takardar tambayoyin A, B, C, D ya san canki-canka. Lokaci ya kusa ƙarewa, mai sa ido sai duba agogo yake yi, ga tambaya ashirin ba a taɓa ba, sai a yi bismillah a hau cikewa. Lissafi ya nuna mai yin haka zai dace da kusan ɗaya cikin kowace huɗu, ko da bai taɓa buɗe littafin ba. To a ce tambayoyin ɗari ne, sai wani ya fito da biyu kacal daidai. Malamin lissafi mai lura ba zai ce yaron nan daƙiƙi ne ba. Zai ce akwai magana, domin ko wanda ya rufe ido yana dangwalawa ya fi haka ci. Sai wanda ya san amsa ne yake iya kauce mata har sau 98.

A kan wannan ɗan lissafi aka gina wani aiki mai wuya da ake yi a asibitoci da kotunan duniya: gane ko mutumin da ya bugu a ka, yake kukan mantuwa, yana yin iyakar ƙoƙarinsa a gwajin da likita ya ba shi, ko kuwa yana noƙewa da gangan.

Me ya haɗa mu da wannan?

Hanya ce ta haɗa mu. Duk wanda ya bi titin Zariya daga Na'ibawa ya haye gadar Tamburawa ya nufi Kura da Kwanar Gafan a lokacin noman rani ya san yadda abin yake. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a shekarun 1970, shi ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam gonar shinkafa da tumatir da albasa, kuma kusan duk abin da aka noma sai ya hau titi. Tirela da motar kwanduna da A Daidaita Sahu da babur duk hanya ɗaya suke bi. Tun watan Janairun 2013 aka hana goyo a babur a cikin birnin Kano, amma da ka fita ƙauyuka babur ne jakin zamani: shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko buhu, shi ke kai yara uku makaranta a jere. Hular kwano kuwa sai dai a gan ta a hoto. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta a farkon 2009, har kafofin labarai na waje sai da suka ba da labarin 'yan acaɓar Kano da suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya. Abin dariya ne a lokacin, amma ƙwarya ba ta tare kwalta.

Ga kuma masana'antun Challawa a nan Kumbotso, inda yayyenmu da iyayenmu ke aiki kusa da injuna da kaya masu nauyi.

Wanda ya karye a ƙafa, a kai shi Dala a ɗauki hoto, kowa ya ga ƙashi ya rabu biyu, babu gardama. Rauni a ƙwaƙwalwa ba haka yake ba. Likitocin gaggawa suna da ma'aunin da ya samo asali daga birnin Gilasgo a 1974, aikin Graham Teasdale da Bryan Jennett, inda ake duba buɗe ido da magana da motsi a ba da maki daga 3 zuwa 15. Mai maki 8 zuwa ƙasa rauninsa mai tsanani ne, mai 13 zuwa 15 ana kiran nasa mai sauƙi. To a cikin masu sauƙin nan, sau da yawa hoton ƙwaƙwalwa yakan fito tas, babu abin da aka gani. Mutum ya koma gida da ƙafarsa, amma ya ce kansa na sarawa, haske na damunsa, an aike shi kasuwa ya manta abin da zai sayo. Mafi yawansu sukan warware cikin makonni zuwa wata uku. Wasu kuwa abin yakan ja.

Ta yaya za a auna abin da hoto bai nuna ba? Sai a zaunar da mutum a ba shi ayyuka na tunani. A karanta masa jerin kalmomi ya maimaita. A faɗi lambobi ya faɗe su daga ƙarshe zuwa farko. A nuna masa zane ya kwaikwaya, bayan rabin awa a ce ya sake zanawa da ka. Masana halayyar ɗan Adam da suka ƙware a kan ƙwaƙwalwa su ke wannan aiki, kuma a nan matsalar take. Gwajin jini ba ruwansa da ra'ayinka, sirinji ya shiga ya ɗebo, na'ura ta faɗi abin da ta gani. Gwajin tunani kuwa sai da haɗin kanka. Ba wanda zai iya cin makin da ya fi ƙarfinsa, amma kowa na iya cin wanda bai kai ƙarfinsa ba.

Inda kuɗi ya shigo

Me zai sa mutum ya faɗi gwaji da gangan? Mu da muka yi makarantar kwana mun san ciwon cikin da ke tashi ranar aikin gona ya kwanta lokacin cin abinci. Na manya ya fi wannan nauyi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki a biya shi daga asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, wanda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya. Akwai inshorar mota. Akwai ƙara a kotu bayan haɗari. Akwai wanda ake tuhuma da laifi ya ce bai tuna komai ba. A duk waɗannan, girman raunin da aka rubuta a takardar likita shi ke yanke yawan abin da za a biya ko hukuncin da za a yi.

Kada ku ɗauka Turawa ne suka fara lura da wannan. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya bugi wani har hankalinsa ya gushe ana bin sa cikakkiyar diyya, daidai da ta rai. Da yake dukiyar mai yawa ce, malamai ba su bar abin a kan faɗar baki kawai ba. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan Kano, ya yi bayanin yadda ake jarraba mai da'awa. Mai cewa hankalinsa ya tafi, a lura da shi a lokutan da yake zaton shi kaɗai ne. Mai cewa jin kunne ɗaya ya ragu, a toshe lafiyayyen, a riƙa kiransa daga ɓangarori daban-daban ana auna nisan da yake daina ji. Idan nisan gabas ya yi daidai da na yamma, maganarsa ta tsaya. Idan sun saɓa, akwai alamar tambaya. Mai cewa ya daina jin ɗanɗano, a ba shi abu mai tsananin ɗaci a ga fuskarsa. Mu dai a ganinmu, wanda ya fahimci wannan babi ya riga ya fahimci rabin abin da masana na yau ke yi: ciwon gaskiya yana da tsari, yana maimaita kansa iri ɗaya, na ƙirƙira kuwa yakan saɓa wa kansa.

Gwaji mai kama da wuya

Dabara ta farko da ta yi suna ta André Rey ce, masani daga ƙasar Suwizalan, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Sai a ce wa mutum ga gwaji mai wuya, abubuwa har goma sha biyar zai haddace cikin daƙiƙa goma. A nuna masa kati a ɗauke, a ce ya rubuta. Alhali abubuwan jeri biyar ne na uku-uku masu bin juna, irin su A, B, C da 1, 2, 3. Wanda ya riƙe tsarin ya riƙe duka. Masu raunin gaske da yawa sukan kawo mafi yawansu, mai son a ga ya lalace kuwa sai ya kawo uku ko huɗu, domin ya ji an ce gwajin mai wuya ne.

A shekarun 1970 wani Ba'amurke, Loren Pankratz, ya shigo da lissafin canki-canka cikin lamarin. Da masu cewa sun kurumce aka fara. A kunna fitila sau biyu, a saki ƙara tare da ɗaya daga ciki, a ce dole ka zaɓa: ta farko ko ta biyu? Kurman gaske ba ya jin komai, don haka zai canka, ya dace da kusan rabi. Mai ji da yake son a ce ba ya ji kuwa, da ya ji ƙarar sai ya zaɓi ɗayar. A hankali makinsa ya faɗi ƙasa da rabi, ƙasa da abin da kurma zai samu. Daga baya aka juya dabarar zuwa gwajin mantuwa.

Ku ɗauko biro mu lissafa. Tambaya 50, kowace da zaɓi biyu. Mai canka zalla zai samu wajen 25, wani lokaci 22, wani lokaci 28. Yiwuwar ya samu 18 ko ƙasa da haka kusan uku ce cikin ɗari. Yiwuwar ya samu 10 ko ƙasa kuwa ba ta kai sau ɗaya cikin 80,000 ba. Saboda haka idan mutum ya fito da 9 cikin 50, bayani mafi kusa da hankali shi ne ya gane amsar daidai ya kauce mata. 'Yan ajin SS2 da ke ƙorafin ina amfanin darasin yiwuwa a rayuwa, ga shi nan a gaban alƙali.

Mafi sauƙin misali shi ne wanda Narinder Kapur ya wallafa a Birtaniya a 1994. Likita ya buɗe tafin hannu ya nuna sile na daƙiƙa biyu, ya dunƙule hannayen biyu, majinyaci ya ƙirga daga goma zuwa ɗaya, sannan ya nuna hannun da silen yake. A yi haka sau goma. Masu mantuwa mai tsanani, waɗanda ciwo ya lalata musu sashen ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa, sun ci gwajin ba kuskure. Waɗanda ake zargi da ƙirƙira su ne suka riƙa kuskurewa.

Wannan zai ba ku mamaki ne kawai idan daga fim kuka koyi yadda mantuwa take. A fim, na Indiya ne ko namu na gida, mota ta buge jarumi, ya farka ya ce ni wane ne, ya manta uwarsa da sunansa, sai an kusa tashi wani ya sake maka masa sanda komai ya dawo. A asibiti abin kusan akasin haka ne. Da wuya ƙwarai rauni a ƙwaƙwalwa ya sa mutum ya manta sunansa. Abin da ke wahala shi ne riƙe sabon abu: me ka ci da safe, wa ya zo ɗazu. Bugu na biyu kuwa ƙara ɓarna yake yi. Majinyacin da ya fi kowa suna a wannan fage, Henry Molaison na Amurka, an yi masa tiyata a 1953 don maganin farfaɗiya, daga nan har ya rasu a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi yadda ya kamata ba. Likitan da ya gaisa da shi da safe, da rana baƙo ne. Duk da haka ya san sunansa, yana ba da labarin ƙuruciyarsa, kuma idan aka faɗa masa lambobi shida yana maimaita su nan take. Mai ƙirƙira bai san wannan ba. Yana kwaikwayon mantuwar fim ne, sai ya faɗi a wuraren da mai ciwon gaske ke wucewa.

Yau akwai gwaje-gwaje da yawa a kan wannan tsari. Sananne a ciki shi ne TOMM, na Tom Tombaugh daga Kanada, wanda ya fito a 1996: a nuna zanen abubuwa 50 ɗaya bayan ɗaya, daga baya a riƙa nuna biyu-biyu ana tambayar wanne ka gani. Hamsin kamar da yawa, amma gane hoton da ido ya taɓa gani yana daga cikin abubuwan da ƙwaƙwalwa ta fi ƙwarewa a kai, har mai rauni. Wasu ma'aunan kuma a ɓoye suke cikin gwajin yau da kullum, mai amsawa bai san ana duba su ba. Masana suna kaffa-kaffa da bayyana ainihin tambayoyi da makin da ake yanke hukunci da shi, kamar yadda hukumar WAEC ke tsare takardunta, don haka mu ma a nan muka tsaya.

Yaya girman matsalar? A 2002 Wiley Mittenberg da abokan aikinsa sun tambayi ƙwararru a Amurka. Ƙiyasinsu shi ne ana samun alamun ƙirƙira ko zuzutawa a kashi 29 cikin ɗari na masu neman diyyar rauni, da kashi 39 na masu ƙara a kan buguwar kai mai sauƙi, amma kashi 8 kacal a marasa lafiyar da ba kuɗi ko shari'a a gabansu. Shekara ɗaya kafin nan, Paul Green da abokansa a Kanada sun duba mutum 904 masu neman diyya, suka ga abin da ya juya lissafi: faɗuwa a gwajin ƙoƙari ta fi tsananin raunin kansa tasiri a kan maki. Wato mai ƙaramin rauni da bai ba da haɗin kai ba yakan fito a takarda kamar ya fi wanda ya yi doguwar suma lalacewa. Sai dai ku lura, alƙaluman nan na ƙasashen da harkar inshora da lauyoyi ta yi ƙarfi ne. Ba hujja ba ce ta cewa haka abin yake a Kura.

Faɗuwa ba ita ce ƙarya ba

Wannan sashe ya fi duk na baya muhimmanci a wurinmu. Gwajin nan ba ya leƙa zuciya. Iyakar abin da yake faɗa shi ne: makin da aka samu yau ba abin dogaro ba ne. Dalilin kuwa sai an bincika. Shi ya sa masana da yawa suka rage amfani da kalmar ƙarya, suka koma cewa sakamako bai inganta ba. Ƙa'idojin da Daniel Slick da Elisabeth Sherman da Grant Iverson suka fitar a 1999, aka sabunta a 2020, sun ce kafin a kira mutum mai ƙirƙira dole a ga abin da zai samu idan ya yi hakan, a ga hujja mai ƙarfi, a kuma tabbatar ba wani ciwon ne ya jawo ba. A aikace ba a cika dogara da gwaji guda ɗaya ba.

Faɗuwa ƙasa da canki-canka ma ba ta cika faruwa ba. Mafi yawan masu faɗuwa suna sama da rabi ne, amma ƙasa da abin da masu raunin gaske ke samu. A nan kuskure ke iya shigowa. Mai tsananin rauni, ko tsoho da ruɗewar tsufa ta kama, ko mai fama da taɓin hankali, zai iya faɗuwa da gaskiyarsa. Akwai kuma wanda ciwonsa na gaske ne, amma an daɗe ana ce masa lafiyarsa ƙalau, sai ya ƙara gishiri don kawai a saurare shi. Wannan ba daidai yake da ɗan damfara ba.

Sai kuma tamu matsalar ta gida. Ku sake duba katin Rey. Sauƙinsa ya dogara ne a kan cewa A, B, C sun zauna maka tun kana ƙarami. Ɗauki manomin Bunkure mai shekara hamsin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana lissafin kwanduna ɗari uku da ka ba tare da kuskure ba, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. A wurinsa harufan nan zane ne baƙo guda-guda, dole ya haddace kowanne. Gwajin da aka ce mai sauƙi ne ya zama mai wuya da gaske. Idan ya faɗi, aka karanta makinsa da ma'aunin da aka gina a kan mutanen Kanada, za a rubuta cewa ya noƙe, alhali ya yi iyakar yinsa. Haka zanen kayan gidan Turawa da bai taɓa gani ba, haka umarnin da tafinta ya juya masa a gurguje. Ƙara da kunya: dattijo a gaban matashin likita zai iya cewa ban sani ba don kada ya faɗi kuskure a ji, shi kuwa gwajin zaɓi biyu yana buƙatar ka canka ko ba ka da tabbas.

Ku auna abin da ke kan sikeli. Idan mai ƙirƙira ya wuce, an ci kuɗin asusun da wasu ke jira, ko an ɗora wa direba bashin da bai kamata ba. Idan aka kira mai gaskiya maƙaryaci, ya rasa diyya, ya rasa magani, ya koma gida da sunan da zai bi shi har wurin neman aure. A ganinmu kuskure na biyu ya fi muni, kuma masu tsara gwaje-gwajen ma sun fi karkata ga barin wasu masu ƙirƙira su tsira a kan a kama mai gaskiya.

A aji da kuma a gida

A unguwanninmu, abin da muka fi gani ba mai ƙirƙira ba ne. Wanda ba a yarda da shi ba ne. Yaro ya faɗo daga babur a hanyar Panshekara, ya yi kwana biyu a asibiti, ya dawo aji. Da yana cikin goman farko, yanzu ba ya gama kwafar allo, yana saurin fushi, yana kifa kai a tebur. Malam ya ce lalaci ne. A gida a ce ya langaɓe don kada a tura shi gona, wata gwaggo ta ce a nemo mai ruƙiyya. Alhali gajiya da saurin fushi da kasa tattara hankali duk sanannun alamu ne bayan buguwar kai. Irin wannan ɗalibi hutu yake buƙata, da rage masa aiki na ɗan lokaci, da ƙarin minti a jarrabawa, da komawa wurin likita idan makonni sun wuce bai ji sauƙi ba.

Don Allah kada wani ya karanta wannan ya ɗauki ƙwallon dabino ya dunƙule a hannu ya je gwada ɗan ajinsu ko kawunsa. Cin gwajin sile ba ya nufin mutum lafiyarsa ƙalau, tunda mun ga masu mantuwa mai tsanani ma suna cinye shi. Faɗuwarsa a hannun wanda bai koyi aikin ba kuwa ba ta tabbatar da komai.

Abin da ya kamata kowannenku ya riƙe shi ne alamun gaggawa a sa'o'i da kwanakin farko bayan buguwa: amai a kai a kai, barcin da ake kasa tashin mutum daga shi, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, rikicewar magana, raunin hannu ko ƙafa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Wanda ya nuna ɗaya daga ciki, ko da ya tashi da kansa ya kaɗe riga a wurin haɗarin, asibiti za a nufa da shi nan take, domin jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Murtala su ne inda ake tura irin wannan.

Ga masu tunanin abin da za su karanta a jami'a, a nan akwai aikin da ke jiran hannu. Kafin a amince da kowane gwaji a kan mutanenmu, sai an sake gina shi da Hausa, da hotunan abin da ido ya saba gani: garma, tulu, buhun taki, injin ban ruwa. Sannan a zauna da ɗaruruwan lafiyayyun mutane, 'yan boko da 'yan allo, maza da mata, matasa da dattawa, a ga makin da mai gaskiya ke samu. A maimaita da masu raunin da hoto ya tabbatar. A samu wasu kuma a roƙe su su yi kamar sun manta, a ga inda makinsu ke faɗawa. Aikin yana buƙatar mai ilimin halayyar ɗan Adam, da likita, da mai lissafi, da wanda ya san yadda ake gaida dattijo a ƙofar gidansa har ya yarda ya ba ka awa guda. Wanda zai yi shi a Kura ko Bunkure kuma gara ya jira a gama ɗiban tumatir, domin kafin nan ba zai samu kowa a gida ba.